Littattafan katun ɗin mijina sun zame min kishiya

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Watanmu 14 da aure, ina da ciki wata 6. Maigidana malamin firamare ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare, sai dai abu guda ya hana ni sakat: littattafan zane, irin na katun ɗin nan. Tun yana karatu a Kano yake tara su, yanzu sun kai 400, cikin kwali uku da jakar bakko guda, duk a ƙarƙashin gadona. Duk ƙarshen wata sai ya shiga Kano ya ƙaro. Na taɓa ganin lissafin da ya yi a bayan wata takarda, dubu 10 ya kashe, alhali ce min ya yi dubu 2 ne. Da dare sai ya kunna tocila ya duƙufa, ina magana yana "uhm". Makon jiya itace ya jiƙe, na yagi bangon wani tsohon littafi daga ciki na hura wuta, ya yi min faɗan da bai taɓa yi ba, kwana uku bai ci tuwona ba. Uwar mijina ta ce hotunan ne ke hana mala'iku shiga ɗakin. Shi kuma cewa yake wata rana za su yi kuɗi. Ƙawata ta ce in bari ya tafi makaranta in cinna musu wuta kowa ya huta. Don Allah ku ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya.

Kada ki ƙona. Wannan ce magana ta farko, kuma ko da ita kaɗai kika ɗauka daga amsar nan, kin tsira da abu mai yawa. Bango ɗaya ya jawo kwana uku ba a ci tuwo ba, to ki auna abin da 400 za su jawo. Dukiyarsa ce, ko da ke ba ki ga amfaninta ba, kuma ƙona dukiyar wani zalunci ne, mata da miji ko ba mata da miji ba. Bayan haka wuta ba ta kashe sha'awa. Zai sake tarawa daga farko, a ɓoye, a gidan aboki ko a ofishin makaranta, da kuɗi fiye da na da, sannan ya riƙe ki a zuciya. Ƙawarki tana ɗakinta ranar da za a zauna a kan maganar, ke ce za ki amsa tambaya a gaban manya.

Takardarki ta ƙunshi abubuwa huɗu da suka cuɗe wuri guda: an cinye miki ɗaki, kuɗi na zurarewa, hirar dare ta mutu, kuma an faɗa miki dubu 2 alhali dubu 10 ne. A cikinsu na ƙarshen ya fi nauyi. Su littattafan kansu su ne mafi sauƙin warwarewa, adaka biyu da bulo takwas sun gama da su. In kika tare shi da "ka zaɓa, ko ni ko su", duk huɗun za su dunƙule su zama rigima ɗaya wadda ba mai cin riba. In kika warware su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana da magani.

Ki fara gane abin da ke cikin kan mai tara irin waɗannan littattafai. Ki dubi jerenki. Akwai kwanuka da tangaran a kabat ɗinki da ba ki taɓa zuba musu abinci ba, watakila ba za ki taɓa ba, amma kina goge su, kin san adadinsu, kuma da maigidan zai ɗauki murfin ɗaya ya ba kaji ruwa a ciki, ranar sai an ji ku. Saitin da murfinsa ɗaya ya ɓace ya tashi daga saiti. Haka abin yake a wurinsa. Littattafan zane a jere suke fitowa, lamba 1, lamba 2, har 60 ko 100, labarin ɗaya na ɗorawa a kan na baya. Wanda yake da 1 zuwa 40 amma babu 23, wannan giɓin ne ke kai shi gaban masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari duk wata. Shi ya sa ba ya cewa "ya isa". Bango kuwa shi ne fuskar littafin, a nan lambarsa take, kuma a wurin masu wannan sha'awa littafin da ba bango ya kusa zama takardar ƙosai. Ke tsohuwar takarda kika gani, shi kuwa watakila abin da ya saya da kuɗin tara yana ɗan aji uku ne.

Don haka ki ba shi haƙuri a kan bangon, haƙuri na gaskiya, ba wanda ake liƙa wa "amma ai kai ma" a wutsiya ba. Wannan bai wanke shi ba. Ƙaurace wa tuwon mace mai ciki kwana uku a kan takarda ya wuce kima, kuma zai ji hakan daga bakinki, sai dai ba a zama ɗaya da ban haƙurin ba.

Maganar ɗaki, gaskiya tana wurinki ɗari bisa ɗari. A al'adarmu ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi jere, ƙarƙashin gado kuma ma'ajiyarta ce. Nan da wata uku kayan jariri, bahon wanka, turamen barka da garar suna duk wuri za su nema. Abin da zai taimake ki shi ne, ƙarƙashin gado a ɗakin ƙauye shi ne wuri mafi muni da mutum zai ajiye takarda. Wato kina da hujjar da ke kare littattafan nasa, ba mai yaƙar su ba, kuma da ita za ki shiga.

Yawancin waɗannan littattafai, musamman tsofaffin, da takardar jarida aka buga su, mai araha, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace ba a tace ta sosai ba. Irin wannan takarda da kanta take cin kanta: tana yin ja, ta yi rauni, ta riƙa karyewa a gefe. Zafi da danshi suna gaggauta hakan. Kwali a kan daɓe, ko da na siminti ne, yana tsotsar danshin damina daga ƙasa, sai na can ƙasa su manne da juna, su yi funfuna, 'yan ƙarafan da aka ɗinke tsakiyarsu su yi tsatsa su ci takardar. Ga gara, wadda kwali abincinta ne. Ta ƙasa take hudowa inda ido ba ya kaiwa, ta cinye cikin ta bar saman lafiya lau, sai ranar da aka ɗaga kwalin gindinsa ya zube. In ta gama da takarda, ƙafar gadonki da bayan kabat ɗinki za ta nufa. Ɓera na yaga takarda ya yi sheƙa, kyankyaso na lasar bango saboda gam. Duk waɗannan baƙi ne da ba a so kusa da jariri.

Ki ce masa kina jin warin danshi daga ƙarƙashin gado, ku fito da su ku duba. Ranar Asabar da hantsi, ranar da gari ya washe. Shi zai jawo kwalayen, ba ke ba: littafi 400 sun kai nauyin rabin buhun siminti ko fiye, kuma jan kaya a sunkuye ba na mai ciki wata 6 ba ne. A shimfiɗa tabarma a inuwa, ba a rana ba, don rana tana kashe launi ta kuma busar da takarda har ta karye. A duba gindin kowane kwali: in akwai siririn hanyar jar ƙasa a jikinsa ko a bango, gara ta riga ta iso. Waɗanda suka yi funfuna a ware su gefe, a buɗe su su sha iska na awa 3 zuwa 4, sannan a share da busasshen burushi mai laushi, a waje, shi ya yi, ya rufe hancinsa da ƙyalle, ke ki matsa nesa. Kada a goga da jiƙaƙƙen tsumma. Waɗanda suka manne kada a fizge su da ƙarfi, a bari su bushe tukuna.

A wannan zaman ne za a kasa su uku, kuma shi zai kasa, ba ke ba. Kashi na farko waɗanda ransa ke kansu. Na biyu waɗanda yake da su bibbiyu, don duk mai sayen gwanjo a dunƙule yana da maimai da yawa, sau da yawa bai ma sani ba. Na uku waɗanda suka lalace ba gyara. Ya samu littafin rubutu mai 40 ya rubuta sunan kowane jeri da lambobin da yake da su. Wannan ɗan littafin kuɗi yake tsare muku: ranar da ya shiga Kano yana aljihunsa, ba zai sake sayen abin da ke gida ba.

Ma'ajiya kuwa adakar ƙarfe ce, irin ta 'yan makarantar kwana, mai murfin da ke rufuwa ruf. Matsakaita biyu sun ishi 400 in siraran ne. A duba kada ta kasance da tsatsa ko huji a gindi. A shimfiɗa tsohon zanin atamfa wankakke busasshe a ciki, don takarda kada ta taɓa ƙarfe. A kwantar da littattafan, 20 zuwa 25 a kowane ɗauri, ana juya su: biyar ƙeyarsu hagu, biyar dama. Dalili shi ne gefen ɗinkin ya fi kauri, in duk suka kalli gefe guda tulin zai karkace, littattafan su lanƙwashe, kuma ba sa miƙewa. Kada a ɗaure da roba, tana narkewa da zafi ta manne a bango. Kada a liƙa yagagge da salatif, bayan shekara biyu gam ɗinsa zai ratsa takardar ya bar tabo ruwan ƙasa, ya ɓalle ya bar ta ta fi da lalacewa. Yagaggen shafi a bar shi a wurinsa, a sa littafin cikin farar takarda a ninke.

Adakar a ɗora ta a kan bulo huɗu, ta tashi daga ƙasa kamar taƙi guda, a kuma janye ta daga bango taƙi guda, yadda tsintsiya za ta shiga ta ko'ina, ido kuma ya ga hanyar gara tun ranar da ta fara. Kada a rataye ta ko a ɗora ta can sama dab da rufin kwano, zafin Afrilu a wurin gasa takarda yake. In rufin azara ne, a kauce wa inda ya taɓa yoyo. 'Yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani suna tsotse danshi, a tara biyar ko shida a jefa a kowace adaka, amma a ɓoye su daga yara. Ganyen darbejiya da aka shanya ya bushe ƙarau, a ƙulle cikin ƙyalle a sa a kusurwa, yana rage ƙwari, a canza shi duk wata uku. Ɗanye ko mai ɗan laima ɓarna zai yi.

Leda tana da amfani, amma ba yanzu ba. In aka rufe littafi cikin leda da damina, an kulle shi da danshinsa, funfuna zai yi a ciki. A bari sai hunturu ya kankama, wajen Disamba, iska ta bushe, sannan a sa waɗanda ya fi ji da su ɗaya-ɗaya cikin farar leda. Sau biyu a shekara a buɗe a duba, farkon damina da bayan kaka.

Ga abin da muke so ki riƙe da hannu biyu saboda cikin da ke jikinki. Mutane da yawa za su ce a zuba kafur. Kafur ɗin kasuwa, farin ƙwallon nan mai ƙarfin wari, yana korar ƙwari, amma yana da haɗari ga jarirai: akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido, kuma warin kafur a tufafi ko a ɗaki na iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo ciwon shawara mai tsanani a kwanakin farko, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan raunin ba baƙo ba ne a ƙasarmu, ya fi kama yara maza. Kada kafur ya shiga ɗakin da jariri zai kwana, ko akwatin kayansa. Fiya-fiya ma kada a yayyafa a kan littattafai ko ƙarƙashin gado. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake da masara kuwa, wadda ake kira bom, ko kusa kada a kawo ta ɗakin kwana da sunan maganin ƙwarin takarda. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, ta sha hallaka mutane suna barci.

Ina za a kai adakun? In yana da turaka ko shago a zaure, magana ta ƙare, can ne wurinsu. In gidan gandu ne ba shi da ɗakin kansa, ku yanka kusurwa ɗaya, ki ba da ita da bakinki a matsayin kyauta, da sharaɗi ɗaya: adaka biyu ce iyaka. Abin da bai shiga ba, ya fita. In sabo zai shigo bayan sun cika, tsoho ya ba shi wuri. Iyakar da ake gani da ido ta fi "ka rage" aiki nesa ba kusa ba, don "ka rage" ba ta da ma'auni, kullum sai an yi gardama a kanta.

Sai batun "wata rana za su yi kuɗi". Ya ji labari ne, kuma labarin gaskiya ne, sai dai ba na irin kayansa ba ne. A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wani littafin zane mai suna Action Comics lamba 1, wanda aka buga a Amurka a 1938, inda jarumin katun Superman ya fara fitowa, a kan dala miliyan 6. Sabonsa santi 10 aka sayar, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. Abin da ya ba shi wannan daraja ƙaranci ne: yara suka karanta suka yar, lokacin yaƙin duniya na biyu aka tattara tsofaffin takardu aka sake sarrafa su, daga kusan dubu 200 da aka buga, waɗanda suka rage ba su fi wajen ɗari ba. Da labarin irin wannan ciniki ya bazu, sai mutane a Amurka suka ruga sayen sababbi suna ɓoyewa a farkon shekarun 1990. Kamfanoni suka ga kasuwa suka buga ba ƙaƙƙautawa: littafin X-Men lamba 1 na 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Kasuwar ta rushe, shaguna da yawa suka rufe, shi kansa kamfanin Marvel, mai buga X-Men, ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a Disambar 1996. Da alama yawancin abin da ke isowa gwanjon Kano ragowar wancan zamani ne da na bayansa.

Ko mai tsadar ma sai lafiyarsa ta cika. Akwai kamfanin CGC a Amurka, tun 2000, da ke duba littafi ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba mai tauri, kuma masu saye da makin suke ciniki. Lanƙwasa ɗaya a kusurwa tana rage maki. Littafin da ya ratso teku a cikin dila, ya sha rana a bakin titi, wani yaro ya rubuta sunansa a bango, ya yi damina biyu a ƙarƙashin gado, ba ya cikin wannan lissafi. Na nan Afirka irin su Supa Strikas na ƙwallo da yara suka yi rububinsu a shekarun 2000, darajarsu ta tuna baya ce, ba ta banki ba. Ba sai kin karanta masa wannan kamar mai kama ɓarawo ba. Ki ce ya zaɓi goma da ya fi sa rai da su, ya duba a waya nawa aka sayar da irinsu, ba nawa mai kaya ya sa suna ba. Zai gani da idonsa. Daga nan sai a kira abin da sunansa: nishaɗi ne. Nishaɗi ba laifi ba ne, amma daga rarar kuɗi ake yin sa. Jari kuwa a ƙauye an san shi, tunkiya ce da ke haihuwa, ko buhun da aka saya da kaka aka ajiye zuwa bazara.

Dubu 10 sau 12, dubu 120 ke nan a shekara, ban da kuɗin mota zuwa Kano da dawowa. Ki tambayi farashin kwanon gero da buhun taki a kasuwarku ta wannan makon, ki mayar da kuɗin zuwa kwano da buhu, don da wannan ma'aunin magidanci ya fi jin nauyin abu. Tsarin da muke ba da shawara mai sauƙi ne. Ranar da albashi ya shigo a fara fitar da na hatsi, cefane, sabulu, awo da maganin asibiti, da wani abu da za a riƙa ajiyewa don haihuwa da ragon suna. Daga abin da ya rage ya ɗauki nasa na sha'awa, kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na albashin, wato dubu 3 da ɗari 5 ga mai ɗaukar dubu 70. Wannan kuɗin nasa ne, ba za ki tambaye shi me ya saya da su ba, ba kuma za ki ɓata rai in ya shigo da leda ba. Wannan gefen yarjejeniyar naki ne, kuma in kika karya shi ɓoyon zai dawo. Daga yanzu zuwa suna kuwa, ki roƙe shi ya dakata gaba ɗaya. Wata uku ne. Bayan suna, ya riƙa tafiya Kano da kuɗin a hannu, ba da kati ba, don mai tara kaya in ya ga lambar da ya daɗe yana nema, lissafi guduwa yake daga kansa.

Ƙaryar dubu 2 kuwa, ki faɗa masa kin gani, sau ɗaya, ku biyu kawai, ba da faɗa ba. Watakila kunya ce ta sa shi, ya san za a ce babba da shi yana sayen littafin yara. Kunya dalili ce, ba uzuri ba. Kalmomin da za ki iya amfani da su: "Malam, na ga lissafin nan. Kuɗin ba su dame ni kamar yadda ɓoyewar ta dame ni ba. In dubu 10 ne ka ce min dubu 10, mu san yadda za mu yi." Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Kada ki kawo maganar yana shigowa da yunwa, ko a gaban mahaifiyarsa, ko a tsakar gida inda matan 'yan'uwansa ke ji. Namijin da aka kunyata a gaban facaloli kare kansa zai yi, ko ya san ba shi da gaskiya.

Hirar dare haƙƙinki ce, kuma a ganinmu ita ce ainihin abin da ya sa kika kira su kishiya. Ki nemi abu mai iyaka: daga sallar isha zuwa awa ɗaya, ba littafi, ba waya, taki ma a ajiye. Bayan nan ya karanta abinsa. Malamin firamare yana tashi daga aiki da azahar, yana da tsakanin la'asar da magariba in ba lokacin gona ba ne. Sannan ki gwada wannan ko sau ɗaya: ki ce ya zaɓo wanda ya fi so ya ba ki labarinsa da Hausa, yana nuna miki zanen. Masu irin wannan sha'awa a ƙauye kaɗaici ne ke damunsu, ba su da wanda za su yi zancen da shi ba a yi musu dariya ba. Ba dole ki so abin ba. Amma mutumin da matarsa ta taɓa tambayarsa "to daga nan sai me ya faru?" ya fi saurin rufe littafi in ta ce tana son magana. Maimai ɗin da aka ware kuma ya kai makaranta, bayan ya tace waɗanda zanensu bai dace da yara ba, don akwai su. Yaron aji huɗu da ke tsoron shafi cike da rubutu yakan kama karatu in hoto na ja masa gora.

Maganar Inna, uwar mijinki, ba za a yi wasa da ita ba. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi bayani a kan wace sura ake nufi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda aka haramta kai tsaye ita ce mai jiki, mai inuwa, irin gunki, zanen da ke kan takarda ko ƙyalle kuwa hukuncinsa bai kai nan ba, kuma akwai malaman da suka fi tsanantawa. Wannan ba hukuncin da ke ko mu za mu yanke ba ne. Shi ya je wurin limaminku ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ya faɗi yadda abin yake: zane ne cikin littafi, a rufe cikin adaka, ba a manne a bango ba. Abin da aka ce masa ya kai wa mahaifiyarsa da kansa. Ke kada ki tsaya tsakaninsu, kada kuma ki ɗauki maganarta ki mayar sanda. Fitar da kayan daga ɗakin kwana ma kaɗai zai kwantar mata da hankali sosai.

Akwai inda abin ke wuce sha'awa ya zama ciwo, har likitocin ƙwaƙwalwa sun ba shi suna, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka. Mai sha'awa ya san abin da yake da shi, yana tsara shi, yana iya bayar da maimai. Mai ciwon tara kaya ba ya iya rabuwa ko da wanda gara ta cinye rabi, kayan na cinye wurin kwana da wurin zama, hankalinsa na tashi sosai in an ce a taɓa. Ranar Asabar ɗin nan za ta nuna miki wanne ne naki. In ya kasa kayan uku, ko da yana gunaguni, to mai sha'awa ne, kuma abin da muka zayyana ya isa. In ya ƙi fitar da ko ɗaya, ko kika gano yana cin bashi don saye, ko hatsi ya yanke a gida alhali leda na shigowa, ko aka yi yarjejeniya ya karya sau biyu a ɓoye, to maganar ta fi ƙarfin ɗaki. Ciyarwa wajibi ce a kansa, ba alfarma ba. Ki fara da babban abokinsa, wanda ya yi masa abokin ango, don shi zai iya faɗa masa gaskiya ba tare da ya ji an tona shi ba. In bai ji ba, sai waliyyinki da nasa. In kuma faɗan ya taɓa kaiwa ga ɗaga hannu, kada ki jira ko ɗaya daga cikin matakan nan, ki sanar da gida ranar.

Ki ba da haƙurin bangon yau ko gobe. Ki bar kwana biyu su wuce, sannan ki kawo zancen warin danshi. Maganar kuɗi ta biyo bayan an ga halin da kwalayen ke ciki, kafin albashin wannan watan ya shigo. Adakun su kasance sun hau bulo kafin cikinki ya shiga wata 8, a share ƙarƙashin gadon, a duba ƙafafunsa huɗu ko gara ta taɓa, a bar ƙofa da taga a buɗe yini guda ɗakin ya sha iska kafin ki fara shigo da kayan haihuwa.